Yatsu Takwas

Sunana Eulogio Maidana, mai gyaran takalma a Goya,
rumfata na kallon ruwan Paraná.
Ƙafar dama yatsu biyar, ta hagu uku.
Sauran biyun suna tsibiri, can ƙarshen duniya.

Shekarata sha tara aka kira lambata.
Ban taɓa ganin teku ba, balle ƙanƙara.
Mu 'ya'yan zafi ne, masu kwana a tsakar gida,
aka zuba mu a rami mai ruwa
aka ce ga ƙasarku nan, ku riƙe.
Muka riƙe.
Ita ce ba ta riƙe mu ba.

Ranar dawowa dare aka zaɓa mana.
Aka tsare mu a bariki ana ɗura mana abinci
don kumatu su ciko kafin iyaye su gani.
Wani hafsa ya turo takarda gabana:
sa hannu, ka kama bakinka.
Na kama. Shekara ashirin yana hannuna.

A gari, wanda ya fi kowa tafi ranar tafiyarmu
shi ya fara tsallaka titi in ya hango ni.
Wanda aka kayar ba shi da dangi.
Na nemi aiki a kamfanin taba,
manaja ya juya takardata da bakin alƙalami
ya ce, "Ku ne aka ce kanku ya taɓu?"

Yanzu kuma iska ta juya.
Duk biyu ga Afrilu sai a aiko mini mota,
a zaunar da ni kusa da magajin gari,
a maƙala mini ƙarfe a ƙirji, a ce gwarzo.
Hular farko ta matse ni,
ta biyun ta rufe mini ido.
Ba wanda ya taɓa auna kaina.

Bara a makarantar firamare
wata 'yar yarinya mai giɓi, Itatí, ta ɗaga hannu:
"Kaka, mutum nawa ka kashe?"
Malama ta zare mata ido. Na ce a ƙyale ta.
Na ce ban sani ba, 'yata, cikin duhu na yi harbi,
duhu kuwa ba ya dawo da lissafi.

Abin da na sani ban faɗa mata ba.

Ceferino Ojeda, ɗan masunta daga Esquina,
yunwa ta sa ya yanka tunkiyar mutane.
Sajanmu, namu fa, ba na abokan gaba ba,
ya ɗaure shi a turaku huɗu, rigingine kan ƙasa daskararriya,
tun hantsi har taurari.
Da aka kwance shi na zare masa takalma,
na buɗe rigata, na cusa ƙafafunsa a cikina
kamar duwatsu biyu daga gindin kogi.
Yana zagina, ina rama wa,
don kada ɗayanmu ya yi barci.
Har asuba.
Nawa ƙafafun na manta da su cikin ruwa.

Da can cewa nake an cuce ni. An kuwa cuce ni.
Daga baya na ce duk aikin banza ne.
Tsufa ya ƙwace mini wannan ma.
Tsibiri ya tafi, tuta ta sauka,
amma Ceferino yana taka ƙasa da yatsu goma.

Yakan zo bayan wata biyu, a motar haya,
da kifi a jaka
da takalmin da babu abin da ya same shi.
Mu sha mate a ƙoƙo guda,
mu yi gardamar ƙwallo da tsadar mai.
Yaƙin ba ya shigowa rumfar.
In karɓi takalmin, in juya shi, in ce dunduniya ta ci,
in buga ƙusa biyu inda ba a buƙata.
Ya ce nawa ne,
in ce ya bari sai wani zuwan.